Ƙungiyoyin Masana Kimiyya da Ambaliyar Maƙalu: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan su ne suka fi fitowa daga bakin ɗaliban digiri na biyu da na uku, da ƙananan malaman jami'a, da ma'aikatan ɗakunan karatu, duk sanda hira ta biyo ta kan mujallun kimiyya. An faro daga masu sauƙi. Kowace amsa za ta iya tsayuwa da ƙafarta, amma inda zance ya ratsa wata amsar, an nuna.

Mece ce ƙungiyar masana, kuma me ya haɗa ta da buga mujalla?

Ƙungiyar masana haɗuwa ce ta mutanen fage ɗaya na ilimi, ko masu kimiyyar sinadarai, ko likitocin yara, ko masu lissafi. Suna biyan kuɗin zama mamba, suna zaɓen shugabanninsu, suna taruwa shekara-shekara kowa ya baje abin da ya gano. Ba ta da masu hannun jari da ke jiran rabon riba. Ita da mujallar kimiyya tare suka taso. An kafa Royal Society a Landan a 1660, kuma a watan Maris na 1665 sakatarenta Henry Oldenburg ya fara fitar da Philosophical Transactions, wata biyu bayan fitowar Journal des sçavans a Faris. Da ƙashin kansa ya fara, yana tattara wasiƙun da masana ke aiko masa daga sassan Turai, sai a 1752 ƙungiyar ta karɓi mujallar a hannunta. A cikinta Isaac Newton ya buga bayaninsa a kan haske da launuka a 1672, kuma har gobe tana fitowa.

Tun a lokacin mujalla take yi wa masana ayyukan da take yi yau: ta rubuta wanda ya riga gano abu da ranar da ya gano shi, ta tace ingancinsa, ta kai shi ga masu buƙata, ta adana shi. Sauran ƙungiyoyi sun bi sahu. Ta masu kimiyyar sinadarai ta Amurka, ACS, an kafa ta a 1876, ta fara mujallarta a 1879. Ta masu kimiyyar fiziks, APS, ta karɓi Physical Review a 1913.

Da gaske maƙalun sun yi yawa, ko kuka ne kawai irin na malamai?

Sun yi yawa. Kukan dai tsoho ne: a 1963 Derek de Solla Price ya nuna cewa rubuce-rubucen kimiyya suna ninkawa duk bayan shekara 10 zuwa 15. Abin da ya bambanta yanzu shi ne maƙalu sun fi masu bincike saurin ƙaruwa. Mark Hanson da abokan aikinsa sun ƙirga maƙalun da ke cikin manyan rumbuna biyu masu lissafa maƙalun mujallu, Scopus da Web of Science, suka tarar sun tashi daga kusan miliyan 1.9 a 2016 zuwa kusan miliyan 2.8 a 2022. Ƙarin kusan kashi 47 cikin 100 ke nan a shekara shida, alhali yawan masu binciken bai ƙaru da wannan gudun ba. Idan ka raba miliyan 2.8 a kan kwanakin shekara, kowace rana ana sakin maƙala kusan 7,700. Wannan ma bai haɗa da dubban mujallun da rumbunan biyu ba su lissafa da su ba, kuma yawancin mujallunmu na Afirka a wannan rukunin suke.

To me ya kawo wannan ambaliya?

Wani ɓangarenta alheri ne, kada a manta da haka. Ƙasashen da a da ba a jin muryarsu sun zuba dukiya a bincike, har Sin ta wuce Amurka a yawan maƙalun da ake bugawa a shekara. Babu mai hankalin da zai yi baƙin cikin yawan masu neman ilimi.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Na farko, jami'o'i a duniya sun mayar da ƙirgen maƙala ma'aunin ɗaukar aiki da ƙarin girma da samun tallafi. Wanda ya san da adadi za a auna shi, zai yanka bincike ɗaya ya fitar da maƙala uku. Na biyu, hanyar samun kuɗin mujallu ta sauya. Da can ɗakin karatu ne ke biyan kuɗin shekara, don haka ƙara shafi ƙarin kashe kuɗi ne ga mai mujalla. Yanzu a mujallu da yawa marubuci ne ke biya a kan kowace maƙalar da aka karɓa, ke nan kowace ƙarin maƙala ƙarin ciniki ce. PLOS ONE, wadda aka fara a 2006 da manufar karɓar duk binciken da hanyarsa ta inganta ko da sakamakonsa ba mai girgiza duniya ba ne, ta buga sama da 30,000 a 2013 kaɗai. Manufarta mai kyau ce, amma 'yan kasuwa sun ga inda kuɗi yake. Kamfanoni irin MDPI da Frontiers da Hindawi suka bunƙasa ta hanyar fitowa ta musamman, inda ake gayyato wani malami daga waje a ba shi jigo, ya kira mutane su turo maƙalu. Abin da wannan ya jawo yana cikin amsar da ta shafi maƙalun bogi.

Ashe ba ƙungiyoyin ne ke buga yawancin mujallu ba?

Da su ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatocin Amurka da Turai suka kwararo kuɗi a kimiyya, sababbin fagage suka ɓullo, ƙungiyoyi kuma suka kasa biye wa saurin, domin ba su da jari kuma komai sai kwamiti ya zauna. Wannan giɓin 'yan kasuwa suka cike. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Robert Maxwell na Pergamon Press, wanda ya riƙa bin tarukan masana yana yi wa manya tayin kafa musu sabuwar mujalla a fagensu. A 1991 ya sayar da kamfanin ga Elsevier a kan fam miliyan 440. Wani nazari da Vincent Larivière da abokansa suka fitar a 2015 ya nuna cewa zuwa 2013 masu wallafa biyar kacal ne ke fitar da fiye da rabin maƙalun da ke cikin Web of Science.

Ƙungiyoyi da yawa ba su rabu da mujallunsu ba, sai dai sun ba da su riƙo. Sunan mujalla da zaɓen editoci suna hannun ƙungiya, kamfani kuma yana bugawa, yana sayarwa, yana ba ƙungiya kasonta. Haka ƙungiyar masana kimiyyar ƙasa ta Amurka, AGU, ta yi da Wiley daga 2013. Kaɗan ne manyan da har yanzu suke buga nasu da kansu, irin su ACS, APS, Royal Society, da IEEE ta injiniyoyin lantarki.

Ina kuɗin da mujallar ƙungiya ta samo yake tafiya?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin a nan ƙungiyoyi suke tsaka mai wuya. Masana tarihi da suka bi littattafan kuɗin Royal Society sun nuna cewa a yawancin rayuwarta asara take yi a kan mujallunta, tana raba su kyauta ga cibiyoyin ilimi, tana ɗaukar haka a matsayin aikin da aka kafa ta dominsa. Sai a tsakiyar ƙarni na 20 mujallun suka fara kawo rara. Yau ƙungiyoyi da yawa da rarar mujalla suke shirya taron shekara, su biya wa ɗalibai kuɗin tafiya, su ba da kyaututtuka, su biya albashin ma'aikatansu. Kuɗin zama mamba ba ya isa ko kusa.

Ke nan ƙungiyar da aikinta yaɗa ilimi ne ta wayi gari cin abincinta ya dogara ga rufe ilimin sai wanda ya biya. Kuma kada a ɗauka duk abin da ke ɗauke da sunan ƙungiya tsarkakakke ne. A 2005 ACS ta yi ta matsa wa gwamnatin Amurka lamba a kan PubChem, rumbun bayanan sinadarai na kyauta, saboda tana ganin zai taɓa cinikin nata rumbun. Duk da haka ina ganin bambancin yana nan: shugaban ƙungiya mambobi ne suka zaɓe shi, za su iya tsare shi da tambaya a taron shekara, za su iya sauke shi. Marubuci ba shi da wannan ƙofar a wurin kamfani.

Yaya ake tantance maƙala, kuma wa ke biyan masu tantancewa?

Edita yakan fara dubawa. In ya ga ta cancanta, ya aika wa masana biyu ko uku na fagen, yawanci a ɓoye sunayensu, su karanta su rubuto ra'ayinsu: a karɓa, a gyara, ko a mayar. Mutane suna ɗauka haka abin yake tun fil'azal, amma ba haka ba ne. Royal Society ta fara neman rubutaccen rahoton masu tantancewa a 1832. A 1936 Albert Einstein ya aika wa Physical Review wata maƙala da suka rubuta shi da Nathan Rosen, editan ya ba wani masani ya duba, Einstein ya fusata ya janye ta, yana cewa bai ba da izinin a nuna wa kowa ba. Daga baya ta bayyana mai tantancewar ne da gaskiya, kuma da maƙalar ta fito a wata mujallar an sauya sakamakonta. Ita kanta Nature sai a 1973 ta mayar da tantancewar waje wajibi a kan kowace maƙala.

Biya kuwa, kusan babu. Mai tantancewa yakan ba da yini guda ko fiye a kyauta, a kan fahimtar cewa gobe wani zai yi masa. A cikin ƙungiya wannan aikin gayya ne, ba wanda ke jin an cuce shi. Inda ran mutane yake ɓaci shi ne idan gumin ya tafi ga kamfanin da ribarsa ta haura kashi 30 cikin 100 na cinikinsa, kamar ɓangaren wallafar kimiyya na kamfanin da ya mallaki Elsevier: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shi ya sa editoci a ko'ina suke kukan sai sun aika gayyata da yawa kafin mutum biyu su amsa. Maƙalu sun ƙaru, masu duba su ba su ƙaru ba.

Waɗanne dabaru ƙungiyoyi suke bi don rage cunkoso?

Tsohuwar dabara ita ce raba mujalla. APS ta fitar da Physical Review Letters a 1958 don gajerun sakamako masu buƙatar gaggawa, a 1970 ta raba uwar mujallar gida huɗu, A da B da C da D, ta ƙara E a 1993. Ta biyu ita ce mayar da maƙala tun daga teburin edita ba tare da an wahalar da masu tantancewa ba. Yana da zafi, amma amsa cikin mako guda ta fi jiran wata shida a ƙarshe a ce a'a. Ta uku ita ce kafa ƙanwar mujalla mai faɗin ƙofa, wadda za a tura mata abin da babbar ta ƙi, tare da rahoton da aka riga aka rubuta. Royal Society Open Science ta 2014 da ACS Omega ta 2016 suna daga cikin mujallun ƙungiyoyi masu faɗin ƙofa irin wannan. Akwai kuma Review Commons da ƙungiyar EMBO ta Turai ta fara tare da ASAPbio a 2019, inda ake tantance maƙala sau ɗaya, marubuci ya ɗauki rahoton ya kai mujallar da yake so daga cikin waɗanda suka shiga tsarin. Duk waɗannan suna rage maimaita aiki. Ba sa rage yawan abin da ake turowa, domin tushen wannan yana wurin masu ƙarin girma, kamar yadda ya zo a amsar da ta shafi ma'aunin tasiri.

Me ya sa ƙungiyoyi suke ɗari-ɗari da tsarin karatu kyauta?

Kiran a buɗe wa kowa maƙalu a intanet ya samu suna da sanarwar Budapest ta 2002. A watan Satumba na 2018 wasu hukumomin tallafa wa bincike na Turai suka fito da Plan S, cewa duk binciken da suka biya dole a buɗe shi nan take. A watan Agusta na 2022 Fadar White House ta umarci hukumomin Amurka su kawar da jinkirin shekara guda da ake yi kafin a buɗe binciken da gwamnati ta biya. Hujjar a fili take: jama'a sun biya kuɗin binciken da harajinsu, bai dace a sake sayar musu ba.

Tsoron ƙungiyoyi lissafi ne. Ka ɗauki mujallar da ke karɓar maƙala ɗaya cikin goma. Duk goman sai an karanta su, an yi musu aiki, amma ɗaya ce tak za ta biya. Ko dai a tsawwala kuɗin wannan ɗayar, ko a sassauta a karɓi biyar. Da Nature ta buɗe wannan ƙofar a 2021, Yuro 9,500 ta sa wa maƙala ɗaya. Ƙaramar ƙungiya mai mujalla ɗaya ba ta da ɗaruruwan mujallun da za ta rarraba asara a kansu, ba ta kuma da ƙarfin zama da gamayyar jami'o'in ƙasa guda ta ƙulla yarjejeniyar da manyan kamfanoni ke ƙullawa. Saboda haka tsarin da aka kawo don karya ƙarfin manyan kamfanoni ya tura wasu ƙananan ƙungiyoyi cikin hannunsu. Ni a ganina babban aibin biyan kuɗi a kan kowace maƙala shi ne yana hukunta mai tacewa, yana saka wa mai sakin ƙofa. Sannan ya ɗauke shingen daga gaban mai karatu ya dasa shi a gaban marubuci mara kuɗi.

Akwai hanyar da mai karatu ba ya biya, marubuci ma ba ya biya?

Akwai, kuma ba mafarki ba ce. Annual Reviews, mai wallafa mara neman riba, ta fara wani tsari a 2020: ɗakunan karatu su ci gaba da biyan kuɗin shekara kamar yadda suka saba, in kuɗin ya kai, a buɗe fitowar wannan shekarar ga duniya baki ɗaya. A fagen fiziks na ƙananan ƙwayoyin zarra, cibiyar bincike ta Turai, CERN, tana jagorantar SCOAP3 tun 2014, inda ɗakunan karatu da hukumomi na ƙasashe da yawa suke haɗa kuɗi a biya mujallun fagen kai tsaye. A Kudancin Amurka kuwa tun ƙarshen shekarun 1990 Brazil ta kafa SciELO, rumbun mujallu na kyauta a intanet, da kuɗin hukuma, kuma mujallun jami'o'i da ƙungiyoyi da yawa na yankin kyauta suke ga mai karatu. Raunin waɗannan hanyoyi shi ne suna buƙatar wanda zai ci gaba da biya ko da ya san in ya daina ma zai karanta.

Na ji ana cewa editoci sun yi murabus gaba ɗaya daga wata mujalla. Me ke kawo haka?

Yawanci farashi ne, ko matsin lambar a ƙara yawan abin da ake karɓa. A 2006 editocin mujallar lissafi ta Topology suka bar Elsevier, aka kafa Journal of Topology a ƙarƙashin ƙungiyar masu lissafi ta Landan. A 2015 na Lingua, ta kimiyyar harshe, suka fice suka kafa Glossa. A 2019 na Journal of Informetrics suka kafa Quantitative Science Studies mallakar ƙungiyarsu. A watan Afrilu na 2023 editoci sama da 40 na NeuroImage suka ajiye aiki saboda kuɗin bugawa da ya kai Dala 3,450, suka koma MIT Press da Imaging Neuroscience. Darasin da ƙungiyoyi suka ɗauka shi ne a duba wa ya mallaki sunan mujalla. In na kamfani ne, editoci za su tafi su bar suna da tarihinsa a baya, su faro daga tushe.

Mene ne amfanin sakin daftari kafin a tantance shi?

Paul Ginsparg ya fara arXiv, rumbun intanet na sakin daftarin maƙala, a 1991 a Los Alamos ta Amurka, don masu fiziks su riƙa ganin aikin juna ba tare da jiran mujalla ba. Yanzu tana ɗauke da maƙalu sama da miliyan 2, kuma abin da ake turo mata a wata ya wuce 20,000. An kafa bioRxiv a 2013 don kimiyyar halittu, medRxiv a 2019 don likitanci. Amfanin shi ne ka kafa shaidar kai ka riga, kowa ya karanta kyauta, ka samu gyara tun da wuri. Mafi yawan mujallun ƙungiyoyi yanzu suna karɓar maƙalar da aka riga aka saki daftarinta, amma ka duba ƙa'idar mujallar da kake nufi kafin ka saki. Hatsarin ya fito fili lokacin korona, sanda 'yan jarida suka riƙa ɗaukar daftarin da ba wanda ya duba suna ba da shi a matsayin tabbataccen labari. Sai dai ita ma tantancewar ba garkuwa ba ce: a watan Yuni na 2020 Lancet da New England Journal of Medicine duk sun janye maƙalun korona da aka gina a kan bayanan kamfanin Surgisphere waɗanda aka kasa tabbatar da su.

Su wane ne masu sayar da maƙalun bogi, kuma me ake yi a kansu?

Kamfanoni ne na ɓoye da ke ƙirƙirar maƙala da hotuna da alƙaluman ƙarya, su sayar da gurbin suna ga mai neman ƙarin girma, wani lokaci su dasa nasu masu tantancewa ko su saye editan fitowa ta musamman. Babban abin da ya tone asirin girman matsalar shi ne na Hindawi, kamfanin da aka kafa a Alƙahira a 1997, wanda Wiley ta saya a 2021 a kan Dala miliyan 298. A 2023 an janye maƙalu sama da 10,000 a duniya, adadin da ba a taɓa gani ba, fiye da 8,000 daga cikinsu na Hindawi ne. Wiley ta binne sunan, ta rufe mujallu da dama.

Mujallun ƙungiyoyi ma an kutsa musu, ba su tsira ba. Abin da suke yi yanzu shi ne duba hotuna da manhaja, neman ainihin bayanan da aka gina maƙala a kansu, tabbatar da cewa masu tantancewar da marubuci ya ba da sunayensu mutane ne na gaske, da bin ƙa'idojin COPE, kwamitin ɗa'ar wallafa da aka kafa a 1997. Kafin ka kafa hujja da wata maƙala, duba ta a rumbun Retraction Watch mai lissafa maƙalun da aka janye, wanda aka buɗe wa kowa kyauta ta hannun Crossref a 2023. Janye maƙala ba kullum alamar ha'inci ba ce. Akwai masu gano kuskurensu su nemi a janye da kansu, kuma waɗannan yabo ya kamace su.

Ta yaya zan gane mujallar damfara, musamman mai ɗauke da sunan wata ƙungiya?

Mujallar damfara kuɗinka take so, ba ta tantance komai. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya aika wata maƙalar ƙarya mai kurakurai a fili ga mujallu 304, guda 157 suka karɓa. Alamominsu sanannu ne: saƙon imel mai yawan kirari yana roƙon maƙala, alkawarin bugawa cikin mako guda, suna mai kama da na wata sananniyar mujalla, fagage barkatai a mujalla ɗaya. In an ce ta wata ƙungiya ce, nemi ƙungiyar: tana da mambobi, tana taron shekara, manyan fagenka sun san ta? Duba ko mujallar tana cikin DOAJ, jerin mujallun karatu kyauta da aka tace, ko AJOL, rumbun mujallun Afirka a intanet, ka buɗe maƙalu uku na fitowar ƙarshe ka karanta da idonka. In kana shakkar wani suna a jerin editoci, rubuta wa mai sunan ta adireshinsa na jami'a. Sau da yawa bai ma san an sa shi ba.

Ƙirƙirarriyar basira fa, ta sauƙaƙa ko ta ƙara dagula lamarin?

Duka biyun. Bayan fitowar ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, Science da Nature suka bayyana a farkon 2023 cewa manhaja ba za ta zama marubuciyar maƙala ba, domin ba za ta ɗauki alhakin abin da ke ciki ba. Yawancin mujallu yanzu suna yarda a yi amfani da ita wajen gyaran harshe, in an bayyana. Ga wanda Turanci ba harshensa ba ne wannan sauƙi ne na gaske. Amma ta kuma rage wahalar haɗa maƙala mara komai a ciki, har da manazartar da babu ita a duniya. A ƙarshen 2025 arXiv ta daina karɓar maƙalun bita da na ra'ayi a fagen kwamfuta sai waɗanda aka riga aka tantance, saboda yawan irinsu da suka cika ta. In an ba ka maƙala ka tantance, kada ka zuba ta cikin irin waɗannan manhajoji. Amana ce aka ba ka.

Mene ne ma'aunin tasiri, kuma me ya sa ake sukarsa?

Eugene Garfield ne ya ƙirƙiro shi, kuma tun 1975 ake fitar da shi shekara-shekara, yanzu a hannun kamfanin Clarivate. Lissafinsa: sau nawa aka ambaci, a cikin shekara guda, maƙalun da mujalla ta buga a shekaru biyun da suka gabace ta, a raba da yawansu. An yi shi ne don ɗakunan karatu su san mujallar da za su saya. Kuskuren shi ne auna mutum da shi, domin maƙalu ƙalilan ne ke jawo yawancin ambaton, sauran suna cin albarkacinsu. A taron ƙungiyar masana ƙwayoyin halitta ta Amurka a San Francisco a watan Disamba na 2012 aka tsara sanarwar DORA, mai kira a daina auna masu bincike da ma'aunin mujalla. Ka lura ƙungiya ce ta ɗauki nauyin wannan. A 2020 Sin ta hana jami'o'inta ba da ladan kuɗi don kawai an buga maƙala. Wasu hukumomi kuma yanzu sukan ce mai neman tallafi ya kawo ayyukansa kaɗan mafi inganci, ya bayyana amfaninsu. Wannan ne kaɗai maganin da na ga yana taɓa tushen ambaliyar.

Ina mujallun ƙungiyoyinmu na Najeriya da Nijar suke a duk wannan?

Matsalarsu ta sha bamban. Ba rarar kuɗi suke tsoron rasawa ba, domin babu ita. Mujallar ƙungiya ko ta tsangaya a nan takan rayu ne a kan kuɗin da marubuta suka biya, da ɗan tallafi irin na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu na Najeriya, da sadaukarwar edita ɗaya mai yin aikin da daddare bayan ya gama koyarwa. In ya gaji ko ya yi ritaya, mujallar ta yi shiru. Na taɓa zama a kwamitin wata ƙaramar mujalla inda muka yi wata huɗu muna neman mutum biyu da za su duba maƙala ɗaya, marubucin kuma yana ta kira saboda lokacin ƙarin girmansa ya matso. Ban ga laifinsa ba. AJOL, wadda aka fara a 1998 kuma take da mazauni a Afirka ta Kudu, ta yi babban aiki wajen fito da ɗaruruwan mujallun nahiyar a intanet, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan mujallu a cikinta, har da Bayero Journal of Pure and Applied Sciences ta Kano.

Abin da ya fi cutar da su shi ne ƙa'idojin ƙarin girma da ke fifita mujallar waje a kan ta gida. Malami ya yi bincike a kan cutar gero ko ruwan rijiyoyin garinsu, ya kai shi inda manomi da jami'in lafiya na yankin ba za su taɓa gani ba, ya biya da Dala, ko ya faɗa hannun 'yan damfara. A Nijar ƙarin girman malaman jami'a yana bi ta CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, mai mazauni a Wagadugu, can ma maƙalu ake dubawa. Ta ɓangaren karatu, shirin Research4Life, wanda ya faro da HINARI na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2002, yana ba cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar karanta dubban mujallu kyauta ko da rangwame. Tambayi ɗakin karatun jami'arku ko sun yi rajista.

Ni sabon mai bincike ne. Me ya kamata in yi a aikace?

Shiga ƙungiyar fagenka, ka biya kuɗin mamba, ka je taron shekara. Kafin ka tura maƙala, duba wa ya mallaki mujallar, nawa ake biya, kuma ko akwai yafiya ga marubutan ƙasarka. Mujallu da yawa suna da ita, amma sai ka nema a lokacin turawa, ba bayan an karɓa ba. Buɗe lambar ORCID, kyauta ce, tana raba ka da masu suna irin naka. Kada ka tura maƙala ɗaya wuri biyu a lokaci guda. In an gayyace ka tantancewa a abin da ka sani, ka karɓa, in ba za ka iya ba ka amsa da wuri ka ba da sunan wani. Kuma ranar da ma'aji ya tashi karanta rahoton kuɗi a taron ƙungiyarku, ka ɗaga hannu ka tambaya: nawa mujallarmu ta kawo bana, nawa aka kashe a kanta, sunanta a hannun wa yake, kuma yaushe yarjejeniyarmu da mai bugawa za ta ƙare?